Aiki ɗaya muke yi, ita an biya ta albashin jinya cikakke ni kuma an yanke min, dan Allah me ya sa?

Uwar_Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sanin harkar aiki da dokokinsa ku taimaka min da bayani, domin abin nan ya tsaya min a rai tun ranar da albashi ya shigo, ko barcin kirki ba na yi. Shekarata biyu da wata huɗu a inda nake aiki, ban taɓa fashi ba sai da dalili. Watan da ya wuce aka yi min tiyata, likita ya rubuta min hutun sati biyar, takardar ma mijina ne ya kai musu da hannunsa tun ina kwance a asibiti, suka karɓa suka ce Allah ya ƙara sauƙi. Da albashi ya zo sai na ga na sati biyu kawai aka biya ni cikakke, sauran kwanakin babu ko sisi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai wadda muke zama ofis ɗaya da ita, aikinmu ɗaya, matakinmu ɗaya, lokacin shiga da tashi ɗaya, bara ta kwanta kusan wata biyu da rabi kuma wlh ba a taɓa mata albashi ba, da bakinta ta gaya min. Ni ce ma na riƙe aikinta haɗe da nawa duk tsawon lokacin. Ba hassada nake mata ba, Allah ya sani, mutuniyar kirki ce kuma ta cancanci a biya ta, amma ni me na yi? Na je ofishin kula da ma'aikata na tambaya, amsar da aka ba ni kawai ita ce wai haka tsarina yake. Saboda tsoron kar na wata mai zuwa ma a yanke na koma aiki saura sati ɗaya hutun ya ƙare, ɗinkin bai gama warkewa ba, a daddafe nake zama a kujera.

Shin doka ta yarda mutum biyu a wuri ɗaya kowa da irin haƙƙinsa na jinya? Ko zalunta ta aka yi don an ga ba ni da kowa a sama?

Tsohon_Akawu

Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Na daɗe ina lissafin albashin ma'aikata kafin na ajiye aiki, kuma irin wannan kukan na ji shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, har akwai waɗanda suka ɗauka ni ne nake yanke musu da gangan alhali ni abin da ke cikin fayil ɗin mutum kawai nake bi.

Abin da zan fara gaya miki ba zai yi miki daɗi ba: eh, a ƙasashe da yawa yana halatta mutum biyu su yi aiki iri ɗaya amma kuɗin jinyarsu ya bambanta. Dalili kuwa, kuɗin jinya hawa biyu ne. Akwai wanda dokar ƙasa ta wajabta, shi ne mafi ƙanƙanta, mai aiki ba shi da ikon ya ba ki ƙasa da shi. Sai kuma wanda kamfani ya ƙara a kai don kansa ko don yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata, to a wannan hawa na biyun ne ake samun kusan duk bambancin da kike gani, domin shi ba kujerar da kike zaune yake bi ba, takardar da kika sa wa hannu ranar da aka ɗauke ki yake bi.

Sau da yawa za ki tarar abokiyar aikin nan taki an ɗauke ta a wani zamani da kamfanin ke da yalwa, aka rubuta mata wata uku ko wata shida cikakke, daga baya aka ga abin ya yi nauyi sai aka canza tsari, amma da yake ba a iya ƙwace wa tsohon ma'aikaci abin da ke cikin kwantiraginsa haka kawai ba da yardarsa ba, sai a bar tsofaffi da nasu a rage wa duk wanda zai shigo daga baya. Shikenan sai ki ga ofis ɗaya takarda iri biyu, wani wurin ma iri uku. Wasu wuraren kuma matakala suke yi, gwargwadon shekarunki gwargwadon kwanakin da za a biya ki. Sannan ki bincika ita jinyar tata mene ne sanadinta, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki ko aikin ne ya jawo masa ciwon, hukuncinsa daban ne da wanda ciwo ya same shi a gida, galibi ma wata doka ce daban da wani asusu daban ke ɗaukar nauyinsa.

Amma kafin mu yi nisa ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki duba min abu biyu. Sunan wa ke samanta, kamfanin da kike zuwa kullum ne ko wani kamfanin da ke ɗaukar mutane ya tura su? Sannan me aka rubuta a wurin rashin lafiya? Ita kuma shekarunta nawa a wurin? Amsar nan ta "haka tsarinki yake" ba amsa ba ce, tsari rubutacce ne, sai a nuna miki shi.

Uwar_Biyu

Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Na ɗauko takardar yanzu. Sunan kamfanin namu ne a sama, ba ta hannun wasu aka ɗauke ni ba. A wurin rashin lafiya layi ɗaya ne kawai, wai za a bi abin da ke cikin littafin ƙa'idojin ma'aikata, kuma ni wlh tun da na shigo ban taɓa ganin littafin nan da idona ba, ban ma san wanda ya taɓa gani ba a cikin mu sababbi. Ita shekararta tara, kuma tun kafin masu kamfanin na yanzu su saye shi take nan. Ciwonta ba a wurin aiki ta same shi ba.

Nas_a_Ingila

Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara afuwa. Da farko dai dan girman Allah ki koma wurin likitanki ya duba ɗinkin nan, zaman kujera na awa takwas bayan tiyata ba abin wasa ba ne, idan ya buɗe ko ƙwayar cuta ta shiga jinyar da za ki yi ta fi sati ɗayan da kika yi gudu nesa ba kusa ba.

Abin da Baba ya faɗa haka yake, a nan Ingila ma muna ganinsa kullum. A asibitocin gwamnati na NHS matakalar a rubuce take kowa ya sani: shekarar farko wata ɗaya cikakken albashi da wata biyu rabi, a shekara ta biyu wata biyu da wata biyu, a ta uku huɗu da huɗu, haka har mutum ya cika shekara biyar ya kai wata shida cikakke da wata shida rabi. To kin ga nas biyu a ɗaki ɗaya suna duba marasa lafiya ɗaya, ɗaya ta kwanta a biya ta wata shida ɗaya kuma wata ɗaya. Waɗanda kamfanonin tura ma'aikata ke kawowa kuwa su ba sa cikin matakalar ma sam, yawanci ɗan kuɗin da doka ta wajabta kawai suke samu, wanda ake biya har zuwa sati 28 amma bai kai ko kusa da albashi ba.

Maganar sayen kamfani da kika yi kuma ina ganin nan gizo ke saƙar. A nan akwai dokar da ake kira TUPE ta 2006, idan aiki ya koma hannun wani sabon mai shi to ma'aikata suna tafiya ne da tsofaffin sharuɗansu, sabon mai kamfani ba zai zo ya share su ba don kawai ya saya. Waɗanda ya ɗauka da kansa daga baya su kuma ya rubuta musu abin da ya ga dama muddin bai sauka ƙasa da doka ba. Ƙasashe da dama suna da makamancin haka, ko ta doka ko ta yarjejeniyar cinikin.

Ni abin da ya fi damuna a labarinki ba bambancin ba ne, ɓoyewar ce. Ni tun ranar farko na san abin da zan samu in na kwanta, don haka na san yadda zan shirya. Ke kuwa sai da kika tashi daga gadon tiyata kika sani. Da kin sani tun farko ai da kin haɗa da hutun shekararki ko kin yi wani tanadin.

Mai_Haƙuri

Anti ni dai shawarata ki yi haƙuri ki bar wa Allah. Aiki yanzu wuya gare shi, kina ɗaga murya za su sa miki ido, gobe a nemo wani dalili a sallame ki. Lafiya ta samu ai alhamdulillah.

Ɗan_Ƙwadago

Ƙanena na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma tsoron da kake ji gaskiya ne, na ga waɗanda aka sa wa ido. Amma neman a nuna maka ƙa'idar da aka yanke maka albashi da ita ba ɗaga murya ba ne. Haƙuri yana da wurinsa, sai dai mutum ya fara sanin me aka ɗaukar masa tukuna, in ya so ya yafe da saninsa.

Hajiya ba ki faɗi ƙasar da kike ba kuma kowace ƙasa da inda ta ajiye nata mafi ƙanƙantan. Idan a Najeriya kike, sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ce a biya ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara idan likita mai rajista ya tabbatar da rashin lafiyar, to kin ga sati biyun da aka ba ki ki ƙirga da kyau ko ya cika kwana 12 ɗin. Sashe na 7 kuma ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, kuma a cikin abubuwan da aka lissafa har da batun rashin lafiya da kuɗin jinya. Sai dai akwai wani tarko a dokar, ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da shugabanci da ƙwararru masu sana'ar ilimi ba, su kwantiraginsu ne madogararsu, shi ya sa ma a ma'aikata ɗaya za ka ga wani doka ce ke kare shi wani kuma takardarsa kawai. Raunin bakin aiki kuwa dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ke kula da shi ta hannun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da asusun inshorar ma'aikata.

Ɗan uwana da ya yi aiki a Saudiyya ya ce can kuma kwana 30 na farko cikakke ne, kwana 60 na gaba kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 babu biya, duk a shekara ɗaya. A Jamus mai aiki ne ke biyan cikakken albashi har sati shida da zarar mutum ya yi sati huɗu yana aiki, daga nan inshorar lafiya ta ɗauka da kashi 70 cikin ɗari. A Amurka kuwa dokar tarayya ta 1993 sati 12 take bayarwa ba tare da biya ba, shi ma sai kamfanin yana da ma'aikata 50 kuma mutum ya yi shekara guda da awa 1,250 na aiki. Na kawo waɗannan ne don ki lura da abu ɗaya, duk inda doka ta ɗaga mafi ƙanƙantan sama, bambancin da ke tsakanin abokan aiki raguwa yake yi, domin ko an bar ka da na doka kaɗai ba za ka tagayyara ba. Inda kuma ta bar shi a ƙasa, rayuwar mutum sai ta koma hannun takardar da ya sa wa hannu ranar da yake neman aiki ido rufe, ranar da ko me aka miƙo masa zai sa hannu.

Akwai kuma bambancin da babu takardar da za ta halatta shi. Idan dalilin da ya sa aka ba wani aka hana wani jinsi ne ko addini ko launin fata ko asali ko ra'ayin siyasa, wannan wariya ce, yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1958 ta hana, kuma yawancin ƙasashe sun sa mata hannu. Haka masu aikin rabin lokaci, yarjejeniya mai lamba 175 ta 1994 ta ce a ba su hutun jinya gwargwadon awanninsu, ba a ce a hana su gaba ɗaya ba. A naki labarin ban ga alamar wannan ba, ya fi kama da tsohuwar takarda da sabuwa. Amma ni ban yarda cewa don abu ya halatta shikenan ya zama daidai ba. Ciwo bai san shekarar da aka ɗauke ka aiki ba. Kuma a zahiri waɗanda aka fi rage wa su ne sababbi da 'yan kwantiragi da masu shara da masu gadi da direbobi, wato masu ƙaramin albashi waɗanda ba su da ajiyar da za ta riƙe su ko na sati ɗaya, su ne za ka gani suna zuwa aiki da zazzaɓi da tari, su shafa wa na kusa da su, ciwon kwana uku ya zama na wata guda.

Ki rubuta musu a takarda ko ta imel, cikin ladabi, layi huɗu ya isa: kina neman kwafin sashen littafin da ya yi magana kan rashin lafiya, da lissafin yadda aka fitar da albashinki na watan. Kar ki ambaci sunan abokiyar aikinki a ciki, kar ki jawo mata matsala a kan amanar da ta ba ki. Ki ajiye kwafin takardar likita da takardar albashi a gida ba a ofis ba.

Mai_Ƙaramin_Kamfani

Salam. Ni ta ɗaya ɓangaren nake, mutum goma sha ɗaya ke aiki a wurina, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba za ta yi min kyau ba. Idan mutum ɗaya ya kwanta wata biyu, albashi biyu nake biya a kujera ɗaya, nasa da na wanda zai riƙe, kuma babu wani asusu da ke mayar min. Shi ya sa masu ƙananan wurare ke tsoron rubuta alkawari mai tsawo, ba duka ne mugunta ba.

Amma akwai kuskuren da na yi shekaru, ban rubuta komai ba, kowa ya kwanta sai in duba in yanke hukunci da kaina. Wanda muka saba na biya shi duka, wanda ban san halin gidansa ba na biya rabi, kuma a raina ina ganin kirki nake yi. Sai da wani yaro mai ƙoƙari ya ajiye min aiki ya gaya min dalili a fuskata na gane cewa abin da nake kira duba hali su son kai suke gani, kuma suna da gaskiya. Yanzu shafi ɗaya ne, kowa ya karanta ya sa hannu, daga mai gadi har manaja kwanakin ɗaya ne, wanda ya daɗe ana ƙara masa kaɗan kuma shi ma a rubuce. Bai kai abin da nake ba wasu a da ba, amma tun daga lokacin babu wanda ya zo min da kuka.

Hajiya ki tambaye su kuma ko manaja yana da ikon ƙara wa mutum a yanayi na musamman, wurare da yawa suna da wannan layin a littafinsu, tiyata kuwa ai ba ciwon kai ba ce da za a ce mutum ya ƙirƙira.

Uwar_Biyu

'Yan uwa na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fara zuwa asibiti kamar yadda Anti nas ta ce, likita ya yi min faɗa sosai ya ƙara min kwana biyar, gefen ɗinkin ya ɗan kumbura amma ya ce an zo da wuri.

Na tura imel ɗin kamar yadda Malam ya tsara min, sai bayan kwana huɗu suka turo min hoton shafi biyu. Baba gaskiyarka, tsari biyu ne, waɗanda aka gada daga tsohon kamfani wata uku cikakke suke da shi. Mu sababbi kuma wanda bai kai shekara uku ba sati biyu cikakke, sannan sati biyu rabin albashi. To rabin nan ba a biya ni ba ko kaɗan, kuma da ban ga shafin ba da har abada ba zan san ina bin su ba. Na sake rubuta musu na nuna layin, sun ce kuskuren lissafi ne za a haɗa min a albashin wata mai zuwa, na ce su rubuta min hakan kuma sun rubuta. Layin ikon manaja ma yana nan, na nema, har yanzu dai ba a ba ni amsa ba.

Raina ya ɗan yi sanyi amma ba duka ba, don na nuna wa sauran sababbin shafin mu shida ne, babu wanda ya taɓa ganinsa, ɗaya ma ta ce bara an yanke mata irin haka ta yi shiru. Abokiyar aikin tawa da kanta ta ce in za mu je wurin shugabanni a kan a daidaita tsarin za ta bi mu, ita ma ba ta ji daɗi ba da ta ji. Malam Ɗan_Ƙwadago dan Allah a wurin da babu ƙungiyar ma'aikata ta yaya ake fara irin wannan maganar, takarda ɗaya za mu rubuta mu sa hannu gaba ɗaya ko mu nemi zama da su tukuna? Kuma ita wadda aka yanke wa bara, tana iya neman nata yanzu ko lokaci ya wuce?